Tsakanin Iya da Iyaka

Wata Asabar bayan la'asar ɗan ƙanwata ya shigo zaure rungume da kwamfutarsa. Da muka gaisa sai ya ce, "Kawu, in ba ka da wani uzuri, ina so ka ga wani abu." Ya buɗe ta ya juyo mini da fuskarta. A tsakiyar allon akwai wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, launinsa kamar na ganyen da ya fara yaushi. A ciki wani ɗan mutum yana tafe, yana tsallake rijiyoyi, yana tsintar wasu 'yan ƙwallaye da yaron ya ce mini goruba ce. Wasan gem ne, kuma shi ya haɗa abinsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba don waya ya yi shi ba, ba kuma don kwamfutar da ke cinyarsa ba. Don Game Boy ya yi, wata 'yar na'urar wasa ta riƙewa a hannu wadda aka daina ƙerawa tun kafin a haife shi. Kwamfutar kwaikwayon na'urar kawai take yi masa, don ya ga yadda aikin zai fito.

Na tambaye shi me ake kiran irin wannan aiki. Ya ce da Turanci homebrew. Na ce, "Da Hausa fa?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai wannan ku za mu tambaya, Kawu." Tun ranar nake jujjuya tambayar nan.

A bakin Turawa asalin kalmar giya ce, wadda mutum ya dafa a gidansa, cikin tukunyarsa, ba ta kamfani ba. Daga tukunya ta yi ƙaura ta koma wajen masu harhaɗa rediyo da kayan lantarki da hannunsu. A watan Maris na 1975 wasu masu sha'awar kwamfuta suka taru a garejin wani mutum mai suna Gordon French, a garin Menlo Park na jihar Kalifoniya ta Amurka, suka kafa ƙungiya suka raɗa mata wannan suna. A taron ƙungiyar ne Steve Wozniak ya riƙa nuna kwamfutar da ya haɗa, wadda ta zama ta fari a kamfanin Apple. Ke nan tun fil azal kalmar tana tafe da ƙanshi biyu: alfaharin "ni na yi da hannuna," da kuma warin abin da ba a nemi izinin kowa ba kafin a yi shi. Yau in masu wasan gem suka faɗe ta, suna nufin duk wata manhaja da mutum ya rubuta wa na'urar da kamfani ya kulle, ba tare da lasisin kamfanin ba.

To mu me muke da shi? "Dahuwar gida" ita ce fassarar kai tsaye, amma duk Bahaushen da ya ji ta tuwo zai tuna. "Haɗin gida" ya fi kusa, sai dai mata sun riga mu kama wurin da turaren wuta da humra da yaji. Teloli suna da nasu rabon, ɗinki da na kanti, kuma rabon yana yi mini daɗi don bai ƙasƙantar da ɗinki ba. Kowa ya san rigar da aka auna ka aka ɗinka ta fi ta kanti zama a jiki. Wadda ta fi dacewa ita ce "ƙirar gida," kuma ita aka fi ɓata wa suna. Kunna rediyo kowace safiya ka saurara. In ka ji an ce ƙirar gida, to kalmar da ta gabace ta bindiga ce ko bam, kuma labarin kame ne ko na makoki. Har ta kai kunne yana razana da jin ta. Abin yana yi mini ciwo, domin ƙira sana'a ce mai sarauta a ƙasar Hausa. Maƙeri ne ya ba manomi fartanya da garma, ya ba wanzami aska, ya ba mahauci wuƙa. A maƙera ba a zubar da ƙarfe. Abin da mai mota ya yar, a sa shi a wuta, a zuga, a ɗora kan uwar maƙera, gobe ka gan shi ya zama gatari. Ni dai ƙirar gida zan kira abin da yaron nan yake yi, ko don a fara wanke kalmar.

Sai dai a raba ta da wasu kalmomi biyu da ake yawan jingina mata. Jabu yana ɓoye sunan wanda ya yi shi, ya ari sunan wani. Satar fasaha, wadda 'yan fim ɗinmu na Kano suka sha ɗacinta shekara da shekaru, kwasar gumin wani ce a sayar. Mai ƙirar gida kuwa sunansa yake rubutawa a farkon wasan, galibi ma kyauta yake rabawa, har da bayanin yadda ya yi. Akwai mararrabar da hanyoyinsu ke gamuwa, zan zo wurin.

Yawancin sa'o'ina ba su taɓa riƙe Game Boy ba. Abin da ya iso hannunmu a kasuwa shi ne ɗan gem ɗin nan na roba, mai jera tubala, mai alƙawarin wasanni dubbai a jikinsa. Saboda haka bari in faɗi ko mece ce wannan na'ura. Kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a Japan, wanda ya fara da buga katin karta tun 1889, shi ya fitar da ita ran 21 ga Afrilu, 1989. Allonta ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye. Launi huɗu take nunawa, su ma duk 'yan gida ɗaya ne, daga kore mai haske zuwa mai duhu. Ba fitila a bayan allon, in dare ya yi sai ka nemi haske. Ma'adanar da take aiki da ita kilobayit 8 ce, da wata 8 ta ajiye hoto. Wannan maƙalar da kake karantawa ba za ta shiga ma'adanar aikin ba, ta kusa ninka ta biyu. Ƙwaƙwalwarta, ƙirar kamfanin Sharp, tana bugawa sau miliyan 4 da 'yan kai a daƙiƙa, alhali ta wayar da ke aljihunka da biliyan ake ƙirga tata. Kuma ba a koya mata sau ba, ba a koya mata rabawa ba. Tarawa da ɗebewa ta sani. Wanda ke son sau, sai ya gina mata shi da kansa.

Ba rashin kuɗi ko rashin sani ne ya sa aka yi ta haka ba. Da gangan ne. Jagoran sashen da ya ƙera ta, Gunpei Yokoi, ya shiga Nintendo ne a 1965 a matsayin mai kula da injinan masana'anta, kuma yana da wata aƙida da aka san shi da ita: kada ka bi sabuwar fasaha, nemi wadda ta kwana biyu, ta yi araha, an san duk halinta, ka yi mata sabon tunani. Kalmar da ya yi amfani da ita a Japananci ita ce kareta, wadda ake faɗa wa itacen da ya bushe. Mai fassara cikin gaggawa zai ce ƙeƙasasshiyar fasaha, sai ma'anar ta mutu a hannunsa. Amma Bahaushe ya san wata bushewar da ba mutuwa ba ce. Kuɓewa sai ta bushe take kai wa rani. Nama sai ya bushe ya zama kilishi yake tafiya Makka ya dawo. Ɗanyen itace hayaƙi yake yi, busasshe ke ci da wuta. Kuma duba inda muka ajiye kalmar "ɗanye": ɗanyen aiki, ɗanyen kai, ɗanyen hukunci. Yokoi ɗanyar fasaha ya guda. Abokan gasarsa suka rungume ta. Atari ta fito da Lynx a 1989, Sega ta fito da Game Gear a 1990, dukkansu masu launi da fitila, gwanin kyau. Game Gear batir shida take ci, ta cinye su cikin awa uku zuwa biyar. Game Boy batir huɗu, ta haura awa goma tana aiki. Da ita da ƙanwarta mai launi an sayar da fiye da miliyan 118. Duk wanda ya taɓa lallaɓa batirin rediyo, ya shanya shi a rana don ya ƙara kwana ɗaya, ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalili.

A nan ne kalmar da ta sa ni rubutun nan ta taso mini. Yaron yana ta lissafa mini abubuwan da na'urar ba za ta yi ba, fuskarsa kuwa cike da fara'a, kamar mai lissafa dukiya. Ya ce, "Iya abin da za ta iya ke nan, Kawu." Na ce ya maimaita. Iya abin da za ta iya. Kalma ɗaya a rubuce, sau biyu a jimla ɗaya, ta farko tana nufin inda abu ya tsaya, ta biyu tana nufin ƙwarewa. Ba asalin kalmomin nake bi ba, bakin mutane nake saurare. Mukan ce "na iya," mu ce "iya nan." Mukan ce iyawa, mu ce iyaka. In mutum ya ce "na yi iya ƙoƙarina," ya faɗi abin da ya iya, ya kuma nuna inda ƙarfinsa ya ƙare, duk a numfashi ɗaya. Iya ruwa fid da kai, in ji Hausawa. Ba a auna gwanin iyo a kan tudu, sai inda ruwa ya kai iya wuya. Harshenmu ya ajiye gwaninta da iyaka a ɗaki ɗaya tun kafin a ƙera wata na'ura, kuma ban taɓa ganin inda zamansu tare ya fito fili kamar a cikin wannan ɗan akwati ba.

Ga misali. Game Boy ba ta zana hoto ɗigo-ɗigo yadda ta ga dama. Da tubali take gini, kowane tubali ɗigo 8 a kwance, 8 a tsaye. Ma'adanar hoto tubali 384 kacal take ɗauka, kuma a cikinsu za a fitar da ƙasa da sama, da bishiya, da mutane, da haruffa, da lambobi. Dole mai zane ya zama magini: tubali ɗaya ya zama ganyen bishiya a nan, ya zama ciyawa a can. Abubuwa masu motsi, wato ɗan mutum da maƙiyansa da abin da yake jifa, guda 40 aka yarda su bayyana, kuma kada su wuce 10 a kan layi ɗaya na allo. In na sha ɗaya ya shigo layin, ɓacewa zai yi. Sai masu ƙira suka ce to a yi karɓa-karɓa: wannan ya bayyana yanzu, wancan ya bayyana a ƙiftawa ta gaba, da saurin da ido zai ɗauka duk suna nan. Shi ya sa tsofaffin wasanni ke ƙyafƙyafta in wuri ya cika.

Wadda ta fi burge ni ita ce dabarar lokaci. Na'urar tana zana allo layi-layi daga sama zuwa ƙasa, kusan sau 60 a daƙiƙa. In ta gama layi na 144 sai ta ɗan huta gwargwadon layi 10, abin da bai fi kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba sai da kaɗan. Wannan ɗan hutun shi ne babbar damar da mai rubuta wasa ke da ita ta sauya hoto hankali kwance. Duk abin da zai canza, sai ya shirya shi tun da wuri ya tsaya bakin ƙofa, kamar mai tallan da ya san minti nawa jirgin ƙasa ke tsayawa a tasha. Daga baya gwanaye suka gano za su iya taɓa hoton ana tsakiyar zana shi. Na'urar shimfiɗar bango ɗaya gare ta mai gungurawa, amma in ka tura layukan sama a hankali, na ƙasa da sauri, sai duwatsu na nesa su riƙa tafiya sannu, ƙasar da ke kusa tana gudu, ido ya ga zurfi inda babu shi. Har aibin allon ma bai tsira ba. Allon yana da nauyin jiki, hoto ba ya gogewa nan take, sai ya bar inuwa. Wasu suka riƙa kunna ɗigo suna kashewa da sauri, inuwar ta gauraya, aka sami launi na tsakiya wanda kamfani bai saka ba.

Haka batun girma. Ƙwaƙwalwar na'urar kilobayit 32 kawai take hange a cikin kaset a lokaci guda. Tetris, wasan da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko, wanda ya sayar da Game Boy a duniya, ya shige cikin wannan 32 ɗin daidai. Da wasanni suka girma sai aka sa wani ɗan guntu a cikin kaset, yana yin aikin yaron shago: shago ƙarami ne, sito babba, duk abin da aka nema ya ruga ya ɗauko ya mayar da wanda aka gama da shi. Da haka aka sami wasa mai faɗin Pokémon a 1996. A 1992 wani saurayi ɗan Ingila, Dylan Cuthbert, ya sa wannan na'urar da ba ta san sau ba ta zana fili mai zurfi da ake shiga cikinsa, a wasan da aka kira X. Muryoyi huɗu gare ta, ɗaya ma shuu kawai take yi kamar rediyon da ya ɓace tasha, amma a farkon shekarun 2000 wani ɗan Suwidin, Johan Kotlinski, ya rubuta mata manhajar LSDJ, makaɗa suka riƙa hawa dandali da ita a hannu.

Duk wannan sani ba kamfani ne ya raba shi ba. Masu sha'awa ne suka bi na'urar gaɓa-gaɓa, suna gwadawa suna rubutawa, tun 1995 suke tara bayanin a wani kundi da ake kira Pan Docs, har yau ana ƙara masa. A 2019 Chris Maltby ya fitar da GB Studio kyauta, wadda ke ba wanda bai iya rubutun manhaja ba damar haɗa wasa. Da ita ɗan ƙanwata ya fara.

Amma iyaka iri biyu ce, kuma Hausa ta raba su. Akwai iyaka irin ta gaɓar kogi, wadda ba wanda ya sa ta don ya hana ka. Akwai kuma shinge, wanda mutum ya kafa. Kilobayit 8 gaɓar kogi ce. Ga shingen kuma: duk wanda ya taɓa kunna Game Boy ya ga sunan Nintendo yana saukowa daga sama, sannan ƙararrawa ta yi ƙara. Wannan suna ba a cikin na'urar ake ɗauko shi ba, daga kaset ne. Na'urar tana karanta bayit 48 na tambarin, ta gwada da wanda ke cikinta, in sun saɓa ta tsaya cik. Ma'ana duk wanda zai yi kaset ba da izini ba, tilas ya kwafi tambarin kamfani, kamfani kuma ya kai shi kotu kan satar tambari. Kulle ne da aka ƙera da doka, ba da ƙarfe ba. Sega ma ta yi irin wannan dabara a na'urarta ta gida, amma a 1992 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Accolade, wanda ya yi wasanni ba da izininta ba, gaskiya a kanta.

Tun daga nan ake wasan ɓuya tsakanin masu kafa shinge da masu neman kafa. Sony ta fitar da tata na'urar wasan hannu, PSP, a ƙarshen 2004. Ta toshe wannan ƙofa, a ɓullo ta cikin fayil ɗin hoto, ta toshe wannan, a ɓullo ta ajiyar wani wasa, har a 2007 aka ɓullo ta cikin batir. A 2014 wani matashi ya gano cewa wani wasan da ba wanda ya damu da shi, Cubic Ninja, yana da ɓaraka da ke buɗe Nintendo 3DS, nan da nan kaset ɗin da ke kwance a kanti ya yi tsada. A 2018 aka bayyana wani kuskure a cikin guntun Nvidia da ke cikin Switch ta Nintendo, kuskuren da aka gasa tare da guntun, ba ya gyaruwa da sabunta manhaja, kuma da ɗan guntun waya ake taɓo shi.

Ga mararrabar da na yi alƙawari. Ƙofar da mai ƙirar gida ya buɗe don ya shigar da nasa, ita ɓarawo ke bi ya fitar da na wani, kuma gaskiya ita ce masu bi don wasan banza sun fi masu bi don ƙira yawa nesa ba kusa ba. Katin R4, mai buɗe Nintendo DS, shaida ne: an yi kyawawan ayyuka da shi, an kuma kwashi wasannin mutane da shi ba adadi, har wata babbar kotu a Landan ta haramta sayar da shi a 2010. Ba zan ce kamfani ba shi da hujja ba. Wanda ya ga yadda satar fasaha ta durƙusar da masu shirya fim a garin nan ba zai yi wa gumin wani dariya ba. Amma hukuncina shi ne, wanda ya sayi jaki da kuɗinsa shi ke da ikon abin da zai ɗora masa, muddin kayan nasa ne. A kama ɓarawo da laifin sata, a ƙyale maƙeri da maƙerarsa. Mu kanmu mun cuci kalmar, don duk wanda ya leƙa cikin na'ura "mai kutse" muke ce masa, alhali mutum ba ya kutse a gidansa. An kuma ga abin da ke faruwa in an buɗe ƙofa da girma da arziki. Manhajar zane ta Colors!, wadda Jens Andersson ya fara a matsayin ƙirar gida a kan DS, ta zama kayan kanti da izinin Nintendo a kan 3DS a 2012. Yokoi kansa, bayan ya bar Nintendo a 1996, ya sa hannu a ƙirar WonderSwan ta kamfanin Bandai, mai aiki da batir ɗaya tak. Bai ga fitowarta ba, ya rasu a haɗarin mota a 1997. A 2000 aka fitar mata da kayan aiki mai suna WonderWitch, da yardar kamfani, don kowa ya rubuta nasa wasan.

Abin da ya fi ba ni tunani shi ne masu gina wa kansu iyaka bayan an sake su. A 2015 Joseph White ya fitar da PICO-8, na'urar wasa da babu ita a zahiri, manhaja ce kawai, amma ya yanka mata ƙa'ida mai tsauri: allo ɗigo 128 kowane gefe, launi 16, kaset kilobayit 32. A cikinta Maddy Thorson da Noel Berry suka yi wani ɗan wasan hawan dutse cikin kwana huɗu, wanda ya girma ya zama Celeste a 2018. A 2022 kamfanin Panic ya fitar da Playdate, allonta baƙi da fari, a zamanin da waya ke nuna launi miliyoyi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san rubutacciyar waƙar Hausa. Ba wanda ya tilasta wa sha'iri ƙwar biyar, ko ya ce lalle kowane baiti ya ƙare da harafi ɗaya tun daga farko har tammat. Shi ya ɗaura wa kansa. Kuma duk wanda ya taɓa gwadawa ya san yadda neman amsa-amo ke kai mutum ga kalmar da ba zai taɓa tunowa da ita ba in da an bar shi sakaka. Farar takarda mai faɗi ta fi tsoratar da marubuci fiye da ƙaramin allo.

Sai dai ina jin tsoron a ɗauki maganata a yi wa talauci kirari da ita. Iyakar da mutum ya zaɓa daban, wadda aka ɗora masa daban. Ɗan Turai da ya zaɓi launi huɗu yana da wuta dare da rana. Ɗan ƙanwata sai ya lissafa cajin kwamfutarsa kafin ya lissafa tubalansa, ya lissafa data kafin ya buɗe Pan Docs. Wannan ba karin waƙa ba ne, tauyewa ce, kuma ba na so a ce masa ita ce za ta mai da shi gwani. Yaran da muka taso muna ganin suna ƙera mota da kara da gwangwani da tsohon silifa sun nuna iyawa, amma da yawansu a nan aka bar su, ba wanda ya miƙa musu mataki na gaba. Abin da na gani a ƙaramar na'urar nan shi ne iyakarta adala ce. Ɗigo 160 ne ga ɗan Tokyo, 160 ne ga ɗan Kano. Ba ta neman kwamfuta mai tsada, kayan aikinta kyauta ne, kuma mutum ɗaya zai iya sanin ta ciki da bai, abin da ba mai iya yi wa wayar zamani.

Kafin ya tafi ran nan, yaron ya nuna mini abin da ya tsaya masa. Ɗan mutumin nasa in ya isa bakin rijiya ta ƙarshe, wata tsohuwa takan yi masa magana, rubutu ya fito a ƙasan allo. Ya rubuta "ka yi kokari," don haruffan da suka zo da manhajar ba su da ƙ. Ba su da ɗ, ba su da ɓ. Masu zana su ba su san da mu ba, kuma ba laifinsu ba ne. Amma a Game Boy harafi ma tubali ne kamar kowane tubali, wanda ya ga dama ya zana nasa. Muka buɗe fili mai gida 64, takwas sau takwas, muka zauna neman inda za mu sa ƙugiyar ƙ. In ta yi tsawo ta taɓo layin sama, in ta gajarta ta koma k. Ya matsar da ɗigo ɗaya dama, na ce ya yi kama da f. Ya mayar, ya sauke ƙafar harafin da ɗigo ɗaya. Har aka kira magariba muna kan harafi guda. Da muka dawo daga masallaci ya sake gwadawa, sai ga ta ta zauna, ƙ sosai, mai lanƙwasa kai kamar sandar makiyayi. Tsohuwar ta ce, "Ka yi ƙoƙari."

Na yi lissafi daga baya. Kowane tubali bayit 16 yake ci. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa, manya da ƙanana, takwas ke nan. Bayit 128 gaba ɗaya. Iya abin da Hausa ke buƙata ke nan don ta yi magana daidai a cikin na'urar da aka ƙera a 1989.

Saboda haka ina kira ga matasanmu masu wannan sha'awa, na Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram da Maraɗi: in kun zauna yin ƙirar gida, ku fara da haruffan nan takwas. Ku zana su da kyau, ku sa su inda kowa zai ɗauka kyauta, don wanda zai zo bayanku kada ya sake kwana a kan ƙ. Malaman Hausa kuma, in yaro ya zo muku da tambayar sunan wani abu a wannan fage, ku zauna ku duba abin tare da shi kafin ku ba shi amsa.